Shin Ko Kun San? Boris, Ɗan Ƙarfen da Ke Ɗauke da Keken Tsanyawa

In aka bar Kano aka miƙi hanyar Katsina, aka wuce Dawanau da Bichi, sai a faɗa ƙasar Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. A nan keke ba abin wasan yara ba ne. Shi ke kai taki gona, shi ke dawo da harawa, shi ke kai ɗalibi makaranta, shi ke kai buhun gero kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, har kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru an kaɗe musu ƙura. Kowa ya san taya da sarƙa da birki, domin ido na ganinsu. Yau za mu leƙa inda ido ba ya kaiwa, wato boris, wanda nauyin keke da mai keke da kayansa duk a kansa yake.

ABIN DA KE CIKI

Shin ko kun san a wuri shida boris yake a jikin keke? Akwai shi a cibiyar wilin gaba, da cibiyar wilin baya, da tsakiya inda ƙafafun feda ke juyawa, da wuyan keke, da cikin fedojin kansu, sannan da cikin firwil, ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke ja a baya. Duk inda ƙarfe ke juyawa a cikin ƙarfe, 'ya'yan boris ne a tsakani suna gangarawa, don kada ƙarfen biyu su ci juna.

Shin ko kun san babban keken da ake ɗora wa buhu yana ɗauke da 'ya'yan boris fiye da 100? Galibi wilin gaba na da 10 a kowane gefe, na baya 9 a kowane gefe, tsakiya kuma 11 a kowane gefe. Wannan kaɗai 60 ke nan, tun ba a ƙirga na wuya da na feda da na firwil ba. Girmansu ma ba ɗaya ba ne. Na baya da na tsakiya rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, na gaba kuwa ba su cika milimita 5 ba.

Ko kun san wilin keke mai inci 28 yana juyawa kusan sau 450 a kowace kilomita? Wanda ya je kasuwa mai nisan kilomita 10 ya dawo, kowane wili nasa ya juya sau 9,000. In kuwa ya ɗaura jarka huɗu ta ruwa mai lita 25, ya ƙara wa keken kilo 100 ban da nauyin kansa. Kuma ba duka 'ya'yan ke ɗaukar wannan kaya a lokaci guda ba, sai waɗanda suka gangaro ƙarƙashin aksul, wato ƙarfen da wili ke juyawa a kansa, ƙasa da rabinsu.

Shin ko kun san boris ɗin keke iri biyu ne? Akwai buɗaɗɗe, wanda 'ya'yansa ke zube a cikin ɗan kofin ƙarfe da ke jikin cibiya, ana matse su da kon da noti. Akwai kuma rufaffe: zobe biyu na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, 'ya'yan na tsakaninsu, an zuba giris tun daga kamfani an rufe da roba gefe da gefe. Buɗaɗɗe ana kwance shi a wanke a sake ɗaurewa. Rufaffe in ya mutu, ɗungurungum ake cire shi a sa wani.

Shin ko kun san kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya taɓa kafa masana'antar kekuna a Kano? Tsofaffin Raleigh ɗin nan, da Phoenix ɗan Shanghai, da Hero da Avon na garin Ludhiana a Indiya, duk buɗaɗɗen boris gare su. Rufaffe ya fi shigo mana a jikin kekunan kwatano masu giya, musamman a tsakiya. Sai dai ba kowane keken zamani ne mai rufaffe ba. Kamfanin Shimano na Japan har yau yana ƙera cibiyoyin wili da yawa da buɗaɗɗe, da gangan. Saboda haka a leƙa tukuna kafin a ɗauki guduma.

INDA AKA FARO

Shin ko kun san keke da boris tare suka taso? Tun 1794 wani maƙeri a yankin Wales, Philip Vaughan, ya yi rajistar boris mai 'ya'ya don keken doki. Amma a 1869 ne wani makanikin keke a birnin Faris, Jules Suriray, ya yi rajistar nasa. A watan Nuwamban wannan shekara aka yi tsere daga Faris zuwa Rouen, kilomita 123. James Moore ɗan Ingila ne ya zo na ɗaya, bai cika awa 11 a hanya ba, kuma an ruwaito cewa boris ɗin Suriray ne a kekensa.

Ko kun san wahalar masu ƙira na farko ita ce samun 'ya'ya masu girma ɗaya? A 1883 Friedrich Fischer na garin Schweinfurt a Jamus ya haɗa injin da ke goge ƙwallayen ƙarfe da yawa su fito daidai wa daida, kuma daga aikinsa ne kamfanin FAG ya samo asali. A yau ɗan boris mai kyau da ake sa wa keke, karkacewarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Shin ko kun san an taɓa yin luguden wuta a kan gari saboda boris? A Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta lura cewa ba jirgi ko tankar yaƙin da zai motsa ba tare da shi ba, kuma Schweinfurt ce cibiyar ƙera shi a Jamus. Ranar 14 ga Oktoba, 1943, ta tura jiragen yaƙi 291 su rushe masana'antun garin. Guda 60 ba su dawo ba.

Ko kun san motar Volvo a gidan masu boris aka haife ta? An kafa kamfanin SKF a birnin Gothenburg na Sweden a 1907, bisa ƙirar injiniya Sven Wingquist, kuma a ƙarƙashinsa ne motar Volvo ta farko ta fito a 1927. Shi kuwa rufaffen boris a wilin keke, cikin waɗanda suka yayata shi akwai Phil Wood na jihar Kalifoniya a Amurka, wanda ya fara sayar da irin waɗannan cibiyoyi a 1971.

ABIN DA KE KASHE SHI

Shin ko kun san yashi ya fi ƙarfen boris tauri? Ƙarfen na musamman ne, an gasa shi har zarto ba ya kama shi, amma ƙwayar rairayin da ke kartar gilashi tana kartar sa. Da zarar ta cakuɗe da giris, sai giris ɗin ya koma kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin 'ya'yan yana cin zoben a kowane juyi. Ga rairayin hanyoyin ƙauye a ƙasa, ga ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun daga Nuwamba har Fabrairu. Ba nauyin kaya ne ke fara kashe boris a karkara ba, datti ne.

Shin ko kun san rufaffe ba ya nufin wanda ba abin da ke shiga? Robar tana da ɗan leɓe siriri da ke gogar zoben ciki yayin da wili ke juyawa. A kwana a tashi leɓen ya cinye, zafin bazara ya busar da shi ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mugun abin kuma shi ne, robar da ta kasa hana datti shiga tana iya hana shi fita.

Ko kun san wanka ma yana kashe boris? A watan Agusta, in aka ratsa kwari ruwa ya kai cibiyar wili, ruwan kan shige ya kwanta a ciki, bayan 'yan kwanaki tsatsa ta fara huda ƙarfen. Haka nan injin feshin masu wankin mota da babur: ƙarfin ruwansa yana ture leɓen robar ya kore giris. Bokiti da tsumma sun wadatar da keke.

Shin ko kun san boris yana ba da sanarwa tun kafin ya mutu? A ɗaga wili a juya shi, a ɗora yatsa a jikin ƙarfen da ke riƙe da shi. In an ji gurnani ko ƙaiƙayi a yatsa, akwai magana. A kama taya a girgiza ta hagu da dama. In tana rawa, akwai magana. Na wuya kuwa, a matse birkin gaba a tura keken gaba da baya a saurari ƙwas-ƙwas. Na tsakiya, a kama ƙafar feda a ja ta waje a mayar. Sau da yawa dattijo kan zo wurin mai gyara ya ce, “Malam, wilin nan tun jiya yake kuka.” Mai gyara ya juya wilin sau ɗaya ya ce, “Baba, ai tun kaka yake kuka, jiya ne dai ka ji.”

YADDA AKE GYARA

Shin ko kun san ana iya yi wa rufaffen boris sabis in bai riga ya lalace ba? Ku tsaya wurin gwanin mai gyara ku gani. Zai shimfiɗa tsohon buhu a gindin darbejiya don kada komai ya taɓa ƙasa. Zai sa tsinin allura ko bakin reza a gefen robar ya ɗago ta a hankali, ba tare da ya lanƙwasa ta ba, domin akwai siririn ƙarfe a cikinta. Sai ga tsohon giris ya yi baƙi ƙirin, ya bushe a lungu. Zai wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, yana juya zoben da yatsa har kananzir ɗin da ke ɗiga cikin gwangwani ya daina fita da baƙi. Ya bari ya bushe sarai, ya cusa sabon giris da ɗan yatsa, sannan ya mayar da robar, rubutun yana kallon waje, ya bi ta da babban yatsa har ta zauna.

Ko kun san kamfani ba ya cika boris da giris? Kusan kashi ɗaya cikin uku na sararin ciki ake zubawa, saboda a jikin inji mai gudu giris mai yawa yana kawo zafi. Wilin keke ba ya irin wannan gudu. Don haka a hanyar ƙura gara a cika shi sosai, giris ɗin da ya cika wuri shi ne ke tare datti a bakin ƙofa.

Shin ko kun san giris mai ne da aka daskarar da wani irin sabulu? Sabulun ne ke riƙe man a wuri ɗaya yana sakin sa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa baƙin mai ba ya maye gurbinsa: yana tsiyayewa, ga shi ɗauke da garin ƙarfen injin da aka juye shi daga ciki. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo su kama ƙura. Basilin kuma da rana ta buɗe sai ya narke ya bi jikin wili.

Ko kun san akwai lokacin da wanki ba ya amfani? In an wanke tas, an juya, har yanzu yana tsalle-tsalle a yatsa, ko zoben ciki yana rawa, ko an ga ramukan tsatsa, to ƙarfen ya riga ya ciwu. Giris zai rufe bakin ƙarar na 'yan kwanaki ne kawai. Sai canji.

Shin ko kun san boris ɗin da aka buge aka fitar ba a mayar da shi? Wajen cirewa, ana zura ƙarfe ta ɗaya gefen cibiyar a riƙa bugun zoben ciki kaɗan-kaɗan, nan da can, ana zagayawa, don ya fito a miƙe kada ya buɗa mazauninsa. Wannan bugun yana bi ta kan 'ya'yan, su kuma su lotsa hanyarsu. Ko da ido bai gani ba, ya tashi daga aiki.

Shin ko kun san sababbin boris da yawa a ranar da aka sa su ake kashe su? Zoben waje ne ke matsewa a cikin cibiya, saboda haka shi kaɗai ya kamata a tura. Wanda ya ɗora guduma a kan zoben ciki ko a kan roba, ya gama da shi tun bai juya ba. Dabarar ita ce a goge mazaunin, a shafa ɗan giris, a ɗora tsohon boris a kan sabon, a zura dogon bol da faifan ƙarfe gefe da gefe, a riƙa ɗaure noti a hankali har ya zauna. In an ga ya karkace, a tsaya a gyara, kada a ce ƙarfi zai miƙar da shi.

Ko kun san ɗan bututun da kan faɗo daga tsakanin boris biyu ba tarkace ba ne? A cibiyoyin da ke da shi, shi ke tokare zobban ciki don kada ɗaurin aksul ya matse 'ya'yan. In aka manta da shi a kan buhu, wili zai yi nauyi, sabon boris ya mutu da wuri. Kuma in na gefe ɗaya ya lalace, a canza duka biyun, domin hanya ɗaya suka bi.

Shin ko kun san fedar hagu a juye ake kwance ta? Zarenta na hagu ne: yadda hannun agogo ke tafiya ake juya ta in za a cire. Haka ma kofin tsakiya na gefen sarƙa a yawancin kekuna. An yi haka ne don kada tuƙi ya riƙa kwance su. Wani abin lura kuma, tsofaffin Raleigh ƙirar Nottingham zare 26 gare su a kowane inci a tsakiya da wuya, alhali na yawancin kamfanoni 24 ne. In kofi ya ƙi shiga bayan juyi biyu, ba taurin kai yake yi ba, ba nasa ba ne.

Ko kun san buɗaɗɗe ma yana da nasa ladabin? Ba a haɗa tsofaffin 'ya'ya da sababbi, domin sabon da ya ɗara sauran girma shi zai ɗauke kayan shi kaɗai. In an jera su a kofi aka ga ɗan sarari ya rage, a bar shi, kada a cusa ƙari. Kon kuma ana matse shi ne daidai inda rawa ta ɓace, wili yana juyawa sakayau. Matsi fiye da haka yana cinye kon, sakaci kuma yana fasa kofi.

A KASUWA

Shin ko kun san lambar da ke jikin robar adireshi ce da duk duniya ta yarda da ita? Lambobi biyu na ƙarshe su ke faɗin girman ramin: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Daga 04 zuwa sama sai a ninka sau biyar, wato 05 milimita 25 ke nan. Amma rami ɗaya ba ya nufin boris ɗaya. Lamba 6902 da 6202 duk raminsu 15 ne, sai dai faɗin na farko 28, na biyu 35. A karanta lambar gaba ɗaya, ko a tafi da tsohon a aljihu.

Ko kun san haruffan da ke bin lambar ma magana suke yi? 2RS na nufin roba gefe biyu. ZZ na nufin murfin ƙarfe gefe biyu, wanda ba ya taɓa zoben ciki, akwai 'yar kafa a tsakani. Mai ZZ ya dace da fanka a cikin ɗaki. Keken da ke bin burji da rairayi, mai 2RS yake so.

Shin ko kun san ba lallai sai a shagon kayan keke ake samun sa ba? Tun da lamba ɗaya ce, 6000 ko 6200 na wilin keke ana iya dacewa da shi wurin mai kayan babur ko na injin ban-ruwa. Sirara irin su 6802 da 6902 ne suka fi wuyar samu a karkara, sau da yawa sai an aika Kano, wajen Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa.

Ko kun san har boris ana yi wa jabu? Abin ya kai manyan kamfanonin duniya sun haɗa kai suna gangamin yaƙi da shi, domin kwali da tambari ba su da wuyar kwaikwayo. A juya shi a yatsa tun a gaban mai shago. Sabo na ƙwarai mai roba yana juyawa sumul da ɗan nauyi, saboda giris da leɓen roba na riƙe da shi. Wanda ke wulwulawa fir-fir yana ƙara, ba lafiya ce ta yi masa yawa ba, giris ne babu.

Shin ko kun san a cikin biyun babu wanda ya fi wani ta kowace fuska? Buɗaɗɗe abokin mai ƙaramin ƙarfi ne: da 'yan 'ya'ya da giris na kuɗi kaɗan, mai gyara na bakin kasuwa zai tashe shi. Amma in aka yi sakaci har kofin da ke jikin cibiya ya rarake, sau da yawa sai an sake cibiyar, a warware wili a sake saƙa shi. Rufaffe ya fi tsada, ba a kuma matse shi in ya fara rawa, amma duk ɓarnar a cikinsa take tsayawa. Da an sa sabo, cibiya ta koma sabuwa. Mai Phoenix ya riƙe giris, mai kwatano ya riƙe lamba.

Shin ko kun san kalandar manomi ita ce kalandar boris? Sau biyu a shekara ya kamata a buɗe shi. Na farko da ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, a fitar da ruwan damina kafin a fara jigilar gero da dawa da gyaɗa. Na biyu da wucewar hunturu, wajen Maris, a fitar da ƙura kafin a shiga kai taki gona. Kuɗin giris na waɗannan lokuta biyu bai kama ƙafar kuɗin cibiya ɗaya ba, balle asarar ranar kasuwa da keke a kafaɗa.